Babi na Huɗu: Ɗigo Ɗaya da Madannai Huɗu

A ranar 12 ga Yulin 1960, kamfanin Ohio Art da ke ƙaramin garin Bryan a Amurka ya fara fitar da wani abin wasan yara mai jan baki da gilashi ruwan toka a tsakiya. Sunansa Etch A Sketch, kuɗinsa dala 2.99. Ba ya aiki da batir, ba ya buƙatar wuta. Abin murɗawa biyu ne a ƙasansa: na hagu yana jan layi dama da hagu, na dama yana jan sa sama da ƙasa. Wanda ya ƙirƙiro shi Bafaranshe ne mai suna André Cassagnes, ma'aikacin lantarki a wata masana'anta kusa da birnin Paris, kuma ya fara nuna shi a baje kolin kayan wasan yara na Nuremberg a Jamus a 1959. Garin alminiyam ne ke lulluɓe gilashin ta ciki, wani ɗan tsinke yana kankare shi, baƙin layin da ido ke gani kuwa duhun cikin akwatin ne ke leƙowa ta inda aka kankare. Idan an gama zane sai a kife akwatin a girgiza, garin ya sake rufe ko'ina.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai, ƙananan kwamfutoci suka shiga gidajen mutane a Turai da Amurka, sai yara suka shiga sake ƙera wannan abin wasa, amma da rubutun umarni. A Birtaniya kwamfutar ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair, wadda ta fito a 1982, talabijin ɗin gida ake jona ta, kuma da an kunna ta sai ta tsaya tana jiran a rubuta mata umarni da harshen BASIC. Mujallu na buga manhajoji layi-layi, yaro ya zauna ya kwafe su da yatsunsa. A cikin waɗanda suka fi yawa har da ƙaramar manhajar zane, wadda layukanta ba su cika wuce goma zuwa ashirin ba. A kan madannan 5, 6, 7 da 8 na wannan kwamfuta an zana kibiyoyi, hagu, ƙasa, sama da dama, don haka su ake amfani da su wajen tuƙa ɗigon.

Har yau malaman kwamfuta na ba wa sabon ɗalibi wannan aiki, kuma suna da gaskiya. Manhajar da ke tara lambobi biyu ta buga amsa tana koyar da abu ɗaya ta tsaya. Ita kuwa wannan, duk da ƙanƙantarta, tana ɗauke da ƙashin bayan kowace manhajar da mutum ke mu'amala da ita, tun daga wasan bidiyo har zuwa injin cirar kuɗi na banki: ta tuna halin da ake ciki, ta saurari mutum, ta canza halin, ta nuna sakamako, ta koma ta sake sauraro. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kuskuren mai koyo ba ya ɓuya. Idan tunaninsa ya karkace, layin da ke kan allo zai karkace a gaban idonsa.

Komai yana farawa da lambobi biyu. Allon kwamfuta jerin ɗigo-ɗigo ne a layuka, kowane ɗigo yana da adireshinsa: nisansa daga hagu, da nisansa daga sama ko ƙasa. Al'ada ce a kira lambar farko x, ta biyu y. Mai koyo zai ware wa kowace ma'ajiya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ba su lambobin tsakiyar allo don alƙalamin ya fara daga can. Daga nan sai zagaye, wato jerin umarnin da kwamfuta za ta yi ta maimaitawa: ta duba ko an danna wani abu, in kibiyar dama ce ta ƙara wa x ɗaya, in ta hagu ce ta rage masa ɗaya, ta yi wa y haka nan in kibiyar sama ko ta ƙasa ce, ta kunna ɗigon da ke sabon adireshin, ta koma farko. Layin da ake gani yana miƙewa tsofaffin ɗigo ne da ba a goge ba. A gaskiya babu abin da ke motsi a kan allon.

Tuntuɓen farko yakan zo a minti na farko. Mai koyo ya danna kibiyar sama, ɗigo ya gangara ƙasa. A ajin lissafi an koya masa cewa y tana ƙaruwa ne in an yi sama, shi ya sa ya rubuta a ƙara ɗaya. Amma a yawancin kwamfutoci lambar sifili tana kusurwar sama ta hagu, y kuma tana ƙaruwa in an yi ƙasa, gado daga tsohuwar talabijin wadda haskenta ke share allo daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. Haka abin yake a QBasic, harshen da Microsoft ya haɗa kyauta da MS-DOS 5 a 1991, wanda miliyoyin mutane suka fara koyo da shi. A BASIC na Spectrum kuwa sifili tana kusurwar ƙasa ta hagu, yadda littafin lissafi ya ce. A Scratch, manhajar yara da za a zo kanta a gaba, tana tsakiyar allo cak, x na tafiya daga 240 a ƙasa da sifili zuwa 240 a sama da ita, y kuma 180 kowane gefe. Tsari uku ke nan, kuma babu wanda ya fi wani zama daidai. Mutane ne suka zaɓa, wanda zai yi aiki da kayansu kuwa dole ya fara tambayar ina suka ajiye sifilinsu.

Sauraron madannai shi ne wurin da aikin ya fi zurfi. Umarnin da mai koyo ya fara sani na karɓar rubutu yakan tsayar da komai har sai an danna Enter, wanda ba zai yi wa mai zane amfani ba. Shi ya sa BASIC ke da wani umarni na dabam, INKEY$, mai leƙa madannai sau ɗaya ya wuce: in akwai harafi ya kawo shi, in babu ya dawo hannu rabbana, zagaye ya ci gaba. A QBasic madannan kibiya suna da nasu rikicin. Da yake ba haruffa ba ne, kowace tana aiko da alamu biyu, sifili a gaba sannan wata lamba: 72 ga sama, 80 ga ƙasa, 75 ga hagu, 77 ga dama. Lamba 72 kuma ita ce ta babban harafin H, saboda haka tsofaffin manhajojin zane na cike da H da P da K da M waɗanda ba su da wata alaƙa da sama ko ƙasa. Wanda bai san wannan ba zai iya kwana yana mamakin abin da ya hana kibiyarsa aiki.

Hanya biyu ce ake bi a san an danna wani abu. Ta farko tamkar maigidan da ke fitowa zaure bini-bini ya duba ko ya yi baƙo, ta biyu kuwa ta wanda ke zaune a cikin gida yana harkarsa sai ya ji sallama sannan ya fito. INKEY$ na bin ta farko. Kayan zanen da ake kira kunkuru, wanda ke zuwa tare da harshen Python, yana bin ta biyu: mai koyo zai rubuta ɗan aiki ga kowace kibiya, ya ɗaure shi da ita ta umarnin onkey, ya ce wa allon ya saurara, daga nan tsarin ne zai kira aikin duk lokacin da aka danna. Manhajojin waya da shafukan intanet a kan wannan hanya ta biyu aka gina su, don haka yaron da ya fahimce ta a kan kibiya huɗu ya riga ya taka matakin da zai amfane shi shekaru masu yawa.

Sai maganar gudu, wadda ke zuwa ta fuska biyu masu karo da juna. Mai amfani da INKEY$ a kwamfutar tebur zai ga ɗigon ya yi taki ɗaya, ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Laifin ba na manhajarsa ba ne. An ƙera madannan ne domin masu buga takardu: idan aka danne harafi, sukan jira kusan rabin daƙiƙa kafin su fara maimaita shi, don kada mai rubutu ya buga harafi biyu bisa kuskure. A saitin asali na kwamfutar IBM PC AT ta 1984, maimaitawar ba ta wuce kusan sau 11 a daƙiƙa ba. Allo mai faɗin ɗigo 640 zai ci kusan minti ɗaya ke nan kafin a ratsa shi. Wanda kuma ya koma ga kayan aiki irin su Pygame, masu iya faɗin waɗanne madannai ne ke a danne a wannan lokacin, zai gamu da kishiyar haka. Kwamfutar yau na iya kewaya zagayen sau dubbai a daƙiƙa guda, don haka taɓawa ɗaya ta isa ɗigon ya ɓace daga allo. Maganin shi ne a sa wa zagayen linzami, a ce kada ya wuce sau 60 a daƙiƙa. Da haka ɗigon zai ratsa allon nan a daƙiƙa goma sha ɗaya, kuma zai yi gudu iri ɗaya a sabuwar kwamfuta da tsohuwa. Masu wasannin farko na DOS da yawa ba su yi wannan tanadi ba, shi ya sa wasanninsu suka gagara bugawa da aka samu injuna masu sauri.

Idan mai koyo ya gaji da jinkiri ya ce taki ya zama goma-goma, layinsa zai tsinke ya koma ɗigo a warwatse. Dole ya ƙara ma'ajiya biyu da za su riƙe inda alƙalami yake kafin takin, ya ja layi daga tsohon wuri zuwa sabo. Umarni ɗaya ne zai rubuta, amma a bayansa akwai aikin wani injiniyan IBM, Jack Bresenham, wanda a 1962 ya gano yadda za a zaɓi ɗigon da suka fi kusa da miƙaƙƙen layi da tarawa da ɗebewa kawai. Injin zane mai alƙalami ya yi wa dabarar, kuma har yau ana koyar da ita.

Bakin allo ma yana da nasa darasi. A Spectrum, ɗigon da ya wuce iyaka yakan tsayar da manhajar gaba ɗaya da saƙon cewa lamba ta fita daga haddi. QBasic kuwa ba ya cewa komai: ɗigon zai ɓace, x ta ci gaba da ƙaruwa a ɓoye, wanda ya danna sau hamsin a waje sai ya danna sau hamsin kafin ya sake ganin alƙalaminsa. Na biyun ya fi koyarwa, domin a nan ne mai koyo ke gane cewa allo hoto ne kawai, ainihin lamarin yana cikin lambobin da ke ma'ajiya. Zai iya hana ɗigon wuce baki, zai iya sa shi ya ɓullo ta ɗaya gefen kamar yadda ake yi a wasan bidiyo na Pac-Man, zai kuma iya barin sa ya yi yawonsa a waje. Harshen Logo, wanda za a zo kansa a gaba, ya ba kowane zaɓi umarninsa: FENCE, WRAP da WINDOW. Akwai kuma ƙaramin tarkon da har ƙwararru ke faɗawa: allo mai faɗin 640 ƙidayarsa daga sifili take farawa, ɗigonsa na ƙarshe 639 ne.

Abin da Etch A Sketch ba ya iyawa shi ne ɗaga tsinkensa, duk zanen da aka yi da shi layi ɗaya ne marar yankewa. A manhaja ma'ajiya guda mai riƙe eh ko a'a ta wadatar: alƙalami na ƙasa ko yana sama. Sai dai da an ɗaga shi mai zane ba ya ganin inda yake. Zai ce bari ya sa ɗan ɗigo mai ƙyaftawa ya nuna masa wurin, sai ya tarar wannan ɗigon yana cinye duk zanen da ya bi ta kansa, tun da gogewa a kwamfuta shafa launin bango ne kawai. Kafin manunin ya taka wuri sai an karanta launin da ke wurin an adana, in ya tashi a mayar. Wannan matsala ce da bai kamata malami ya yi gaggawar warware wa ɗalibi ba. Wanda ya gano mafitar da kansa ya gano yadda kibiyar maus ke yawo a kan takarda ba tare da ta ɓata rubutu ba.

Duk wannan hanyar Cassagnes ce, inda dama ke nufin daman allo har abada. Akwai wata hanya da ta fito daga wani gida dabam. A 1967, a kamfanin Bolt Beranek and Newman da ke Cambridge ta jihar Massachusetts, Wally Feurzeig da Seymour Papert da Cynthia Solomon suka ƙirƙiri harshen Logo domin yara. Papert masanin lissafi ne haifaffen Afirka ta Kudu, ya kuma yi shekaru yana aiki da Jean Piaget a Geneva kan yadda yara ke tunani. Ba da jimawa ba aka haɗa Logo da wani ɗan mutum-mutumi mai taya da alƙalami a cikinsa, yana tafiya a kan takardar da aka shimfiɗa a ƙasa, aka sa masa suna kunkuru. Kunkuru bai san x da y ba. Abin da ya sani shi ne inda ya fuskanta: a ce ya yi gaba, ko ya juya dama da digiri kaza. Ma'ajiya ɗaya aka ƙara, ta alƙibla, amma ta canza abin da za a iya zanawa. Da'ira, wadda ke ba mai Etch A Sketch wahala ƙwarai, a wurin kunkuru taki ɗaya ne da juyi na digiri ɗaya, sau 360.

Papert ya lura cewa yaro na iya zama kunkurun da kansa: ya tashi ya taka murabba'i a tsakar aji, ya lura da abin da jikinsa ya yi, ya koma ya faɗa wa injin. Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne na alwatika. Yaro ya san kowace kusurwa ta alwatika mai gefe daidai digiri 60 ce, sai ya ce kunkuru ya juya 60, abin da ke fitowa kuwa rabin siffa mai gefe shida. Juyin da ake buƙata 120 ne, domin kunkuru ta wajen kusurwar yake juyawa, kuma in zai zagayo ya dawo yana fuskantar inda ya fara, jimillar juyinsa sai ta cika 360. A littafinsa Mindstorms na 1980, Papert ya kafa hujja cewa irin wannan kuskure, wanda ake gani a kuma gyara, ya fi jan biro a takardar jarrabawa amfani ga yaro.

Wadda ta kai wannan tunani ga madannai kai tsaye wata ɗaliba ce a MIT, Radia Perlman, a tsakiyar shekarun 1970. Ta so yaran da ba su iya karatu ba tukuna su tuƙa kunkuru, har da 'yan shekara uku da rabi. Sai ta ƙera akwatin maɓallai masu hotuna: gaba, baya, juya dama, juya hagu, ɗaga alƙalami, sauke alƙalami. Ta sa wa tsarin suna TORTIS. Abin da ya fi jan hankali shi ne ƙarin da ta yi masa, wasu maɓallai da ke sa injin ya tuna jerin abin da yaro ya danna, ya kuma maimaita shi in an buƙata. Perlman ta yi suna daga baya a wani fanni, domin a 1985 ita ta ƙirƙiro ƙa'idar da ke hana saƙonni kewaya marar ƙarshe a hanyoyin sadarwar kwamfutoci. Amma wancan akwatin nata ya nuna matakin da ya kamata kowane mai koyo ya gwada. Maimakon manhaja ta zana ɗigo ta manta, bari ta rubuta kowane danni a cikin jeri. Cire na ƙarshe a jerin a sake zanawa ya ba da damar janye kuskure. Ajiye jerin a fayil ya ba da damar adana hoto. Ba wa wani yanki na jerin suna a kira shi sau huɗu kuwa, wannan ƙaramin harshen umarni ne mai koyo ya ƙirƙira da hannunsa.

Zuriyar kunkuru ta iso wannan yanki namu. Shirin One Laptop per Child, wanda Nicholas Negroponte ya sanar a 2005 bisa tunanin Papert, ya yi ɗaya daga gwaje-gwajensa na farko a makarantar firamare ta Galadima a gefen Abuja a 2007, kuma cikin manhajojin da aka yi wa kwamfutarsa mai launin kore da fari akwai Turtle Art. A shekarar ce kuma rukunin Mitchel Resnick a MIT ya fitar da Scratch, inda ake jera umarni kamar tubala ba tare da buga ko harafi ba. Kyauta ne, ana iya sauke shi a yi aiki ba intanet, kuma Hausa na cikin harsunan da ake iya zaɓa. Da tubalan kibiya huɗu da na alƙalami, yaron firamare zai iya gina manhajar zanensa a zama ɗaya. Wanda ya fi son rubutu ya sauke Python, kunkurun na ciki.

Wanda ya gama manhajarsa tana aiki, ya gwada canji biyu. Ya sa ɗigon ya riƙa tafiya da kansa, kibiya ta zama mai canza masa hanya kawai. Sannan kafin kowane taki ya duba ɗigon da ke gaba, in an riga an zana shi, wasa ya ƙare. Wannan kusan shi ne Blockade, wasan da kamfanin Gremlin ya fitar a 1976. In aka ƙara goge ɗigon ƙarshe na wutsiya a kowane taki, aka kuma jefa abinci a wani wuri a allo, an samu wasan maciji da Taneli Armanto ya rubuta wa wayar Nokia 6110 a 1997, wanda ƙaninsa na Nokia 3310 ya shiga hannun jama'a a Kano da Kaduna da Sakkwato bayan zuwan layukan GSM a 2001. Shi za a gina a babi na gaba, don haka mai karatu ya adana manhajar zanensa, daga cikinta za a fara.